Nasiha ga 'Yata Amarya: Obin Mai Wuta Uku Yana Son Lura

'Yata, Allah ya sanya albarka a aurenki, ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuriya ta gari. Iyayenki mata sun riga sun yi miki faɗa a kan haƙuri da ladabi da riƙon sirrin gida, kuma duk gaskiya suka gaya miki, ki riƙe da hannu biyu. Ni goggonki tawa nasihar ta kicin ce, a kan abu guda daga cikin kayan da aka jera miki, wato obin ɗin nan mai haɗe da maikurowef. Kada ki ɗauka ƙaramin zance ne. Duk lomar da za ta shiga cikin maigidanki da 'ya'yanki da baƙinki ta hannunki za ta bi, kuma amana ce a wuyanki.

Mu da muka san Dutse tun tana ƙarƙashin jihar Kano mun ga yadda girki ya sauya. Kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiri Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, murhu da itace da kara su ne abin girkin kusan kowane gida, mai hali ya ƙara da risho. Da ofisoshin gwamnati suka kafu, ma'aikata suka cika Takur da Fagoji da Danmasara, daga baya Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, sai ga mata da yawa suna fita aiki da karatu tun safe, ba sa dawowa sai bayan la'asar. Mace ta shigo a gajiye, yara sun taso daga Islamiyya da yunwa, ai dole ta so abin da zai ɗumama mata abinci cikin minti uku. Don haka ban ga laifin wannan na'ura ba, ni'ima ce. Abu guda nake so ya zauna miki: saurinta bai ɗauke miki aikin lura ba. Ita lokaci kawai take ƙirgawa. Ba ta san ko tsakiyar tuwo ta yi zafi ba, ba ta san irin kwanon da kika sa mata ba. Ke ce za ki sani.

Bari in fara da yadda take aiki, domin wanda ya san dalili ba ya saurin manta doka. A 1945 wani injiniya Ba'amurke mai suna Percy Spencer, ma'aikacin kamfanin Raytheon, yana aiki kusa da na'urar hango jiragen sama, sai ya tarar alewar da ke aljihunsa ta narke. Daga nan aka gane cewa igiyoyin lantarkin da na'urar ke fitarwa suna dafa abinci. Maikurowef ɗin da aka fara sayarwa a 1947 ta kai tsayin mutum, nauyinta ya haura kilo 300, sai a 1967 ƙaramar da ake ɗorawa a tebur ta fara shiga gidaje. A cikin na'urar taki akwai wani ɓangare da ake kira maganetiron, shi ke watsa waɗannan igiyoyi. Dangin waɗanda ke kawo muryar rediyo ne, ido ba ya ganinsu. In suka shiga abinci sai su riƙa jujjuya ƙwayoyin ruwan da ke cikinsa fiye da sau biliyan 2 a daƙiƙa guda, wannan motsin ne ke zama zafi.

Za ki ji ana cewa wai daga ciki take fara dafa abinci. Ba haka ba ne. Igiyoyin ba sa kutsawa fiye da santimita 2 zuwa 3, abin da ya wuce nan sai zafi ya bi a hankali ya isa gare shi. Kin san ruwan farko na damina, yadda yake jiƙa saman ƙasa a ga kamar ta ƙoshi, amma manomi ya sa fartanya ya tarar ƙasan a bushe, sai ya dakata da shuka. To haka abincin maikurowef yake fitowa in ba a kula ba: gefe yana tiriri, tsakiya da sanyinta. Kuma igiyoyin ba sa sauka daidai a ko'ina cikin akwatin, wani wuri sun yi yawa, wani wuri sun yi kaɗan. Dalilin farantin gilashin nan mai juyawa ke nan, shi ma taimako yake yi, bai isa shi kaɗai ba.

Taki kuwa wuta uku ce a akwati ɗaya. Akwai igiyoyin da na gaya miki, na ɗumame da narkar da ƙanƙara da dahuwar sauri. Akwai wutar gashi ta sama, ƙarfen da ke yin ja ya gasa bayan nama ko kifi. Akwai kuma fanka mai hura iska mai zafi, ita ce ta kek da burodi da gashin kaza. Sannan ga madannin da ke haɗa igiyoyin da ɗaya daga cikin biyun, don ciki ya dahu da wuri baya kuma ya yi ja. Kowace wuta da kwanon da take karɓa. Saboda haka kafin hannunki ya kai ga kwano, ki fara sanin wace wuta za ki kunna.

Muddin igiyoyin za su yi aiki, su kaɗai ko a haɗe, ƙarfe ba ya shiga. Kwanon samira, langa, kwanon silba, tire, cokali mai yatsu, gwangwanin da ake zuba alala, takardar foyil da mai balangu ya naɗe nama, har tangaran ɗin nan masu zanen ruwan zinare a baki da ake yayi a kayan ɗaki, duk ki ajiye su gefe. Ƙarfe yana mayar da igiyoyin baya, abinci ya ƙi zafi, a bakinsa mai tsini kuma tartsatsi ya tashi ya ƙona bangon ciki, ko ya kama maiƙo ya zama gobara. Ragar ƙarfen da ta zo tare da na'urar ce kaɗai aka ware, ita ma sai yadda littafin kamfani ya ce a yi da ita. In kuma wutar gashi ko fanka kaɗai kika kunna, ƙarfe ba laifi, roba ce abin gudu, don narkewa za ta yi a kan abincin. Ki kuma tuna cewa bayan gashi cikin akwatin yakan daɗe da zafi. Kada ki gama gasa kaza ki jefa robar shinkafa nan take, ki bari ya huce.

Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne kwanon gilashi mai jure zafi irin Pyrex, da tangaran marar zanen ƙarfe wanda aka rubuta yana shiga obin. In kina shakkar wani faranti, ga gwaji mai sauƙi: ki sa shi babu komai a ciki, ki ajiye kofin gilashi cike da ruwa a gefensa, ki kunna minti ɗaya. In ruwan ya yi ɗumi farantin yana da sanyi, ya dace da igiyoyin. In farantin ne ya ɗau zafi, a mayar da shi kanta. Farantan melamin masu kama da tangaran amma ba sa fashewa ba na wannan aiki ba ne. Akushi da ƙwarya bushewa suke yi su tsage. Robar da aka sayo abinci a ciki da robar bota an yi su ne don ɗauka da ajiya, sai wadda kika ga alamar maikurowef a gindinta.

Sai leda. Yanzu malmalar tuwo a leda ake naɗe ta, alala a leda ake ƙulla ta, nama a baƙar leda yake shiga firiza. 'Yata, kada leda ta shiga na'urar nan. Tana laushi, tana narkewa inda maiƙo ya taɓa ta, abin da aka yi ta da shi ya gauraya da abincin yara. Ki kwance, ki juye a tangaran. Haka jarida da takardar da mai tsire ya naɗo nama, tawadarsu ba ta ci ba ce, kuma suna kama wuta.

Yanzu mu zo ga ɗumame, don shi ne aikin da za ki fi sa ta. Kakanninki ba su da ma'aunin zafi, amma dubi yadda suke yi. Da asuba za a yayyanka tuwon jiya a cikin miyar kuka, a ɗora a wuta, a bar shi ya tafasa har ya yi ta ɓararraka, ana juyawa, sannan a sauke. Wannan tafasar ce ke kashe ƙwayoyin cutar da suka taru cikin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci ya kai zafin digiri 70 a ma'aunin Salshiyas har cikinsa, kuma na kwana a ɗumama shi sosai. Abin da iyayenmu ke yi ke nan tun da. Matsalar maikurowef ita ce tana iya ba ki tuwon da ke ƙona yatsa a gefe alhali tsakiyarsa ko ɗumi ba ta yi ba, kuma a wannan tsakiyar ce cuta ke tsira.

Ga yadda za ki yi. Ki yanka malmalar gida huɗu ko fiye, kada ki sa ta curi guda. Ki jera yankan a zagaye a bakin faranti, ki bar tsakiyar farantin fili. Ki yayyafa ruwa kaɗan, ki rufe da murfin gilashi ko wani faranti, ki bar 'yar kafar da tiriri zai fita. Rufin nan shi ke tara tururi ya ratsa abincin ya hana shi bushewa. In lokaci ya yi rabi ki buɗe, ki juya, ki mayar. Miya kuwa, ta kuka ce ko taushe ko kuɓewa, ki gauraya ta sau ɗaya ko biyu har sai kin ga tana tafasa a tsakiya, ba a gefe kaɗai ba. Da na'ura ta yi ƙara kada ki yi wuf ki ɗauko. Ki bar abincin a rufe minti ɗaya ko biyu, don a wannan zaman ne zafin gefe ke ƙarasawa ciki. Sannan ki tsaga tsakiya da cokali ki ga tururi na fita. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata. Kuma ki ɗebi iya abin da za a cinye, don abincin da aka ɗumama sau ɗaya ba a mayar da shi a sake.

Akwai kuma abin da ɗumame ba ya gyarawa, ki saurare ni da kyau a nan. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Hukumomin abinci na Amurka suka ce in zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Mu kuwa a nan Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Shinkafa ta fi komai buƙatar kula. Akwai wata ƙwayar cuta, likitoci na ce mata Basilas siriyas, wadda dahuwa ba ta kashe irinta. In shinkafa ta wuni a kula tana ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba guba, ita kuwa gubar ko an sake tafasawa ba ta mutuwa, tana sa amai da gudawa. Don haka ragowar shinkafa da wake ko dafa-duka, ki baza ta a faffaɗan faranti ta huce da wuri ki sa a firji. Wadda ta kwana a waje cikin bazara, ko ta sauya wari ko ta fara yauƙi, ki haƙura da ita. Na san zubar da abinci yana da ciwo a wannan tsadar, maganinsa shi ne ki dafa daidai cikinku, abin da ya ragu ki miƙa wa maƙwabta da almajirai tun yana da kyau. Ki riƙe wannan musamman da azumi, lokacin da abincin buɗa-baki kan zama na sahur.

Sai narkar da ƙanƙara. Babbar Sallah za ta zo, naman layya ya cika firiza. Aikin yana farawa ne tun ranar ajiya: ki kasa naman ƙanana daidai girki ɗaya-ɗaya, ki baje kowane ƙulli ya yi faɗi, kada ki cura shi. Ƙanƙara ba ta shan igiyoyin nan kamar yadda ruwa ke sha, don haka inda ya fara narkewa shi zai yi ta ɗaukar zafi har ya soma dahuwa, tsakiya tana nan kamar dutse. Shi ya sa aka yi madanni na musamman don narkarwa, wanda ke rage ƙarfin zuwa kusan kashi 30 cikin 100, yana kunnawa yana hutawa. Shi za ki danna, ba cikakken ƙarfi ba. Ki cire naman daga leda, ki sa a kwano mai zurfi don ruwansa kada ya zuba, ki riƙa tsayawa kina juyawa, kina ware yankan da suka saki. Abin da ya fi muhimmanci: naman da maikurowef ta narkar, nan take ake dafa shi. Ba a ajiye shi sai yamma, ba a mayar da shi firiza ɗanye, don wani sashensa ya riga ya yi ɗumin da cuta ke so. Ruwan da ya tsatso daga kaza ko kifin Haɗeja ki zubar, ki wanke kwanon da farantin gilashin da hannunki da sabulu kafin wani abinci ya shiga. In ana samun wutar lantarki ba yankewa kuma kina da lokaci, sauko da nama daga firiza zuwa firji tun dare ya fi komai.

Dahuwar ɗanyen nama ma tana da ƙa'ida. Kaza guda a wutar haɗe takan yi ja a baya da wuri, ki ga kamar ta yi. Ki soki cinya kusa da ƙashi, nan ne ƙarshen dahuwa. In ruwan da ya fito garau ne, babu ja, ta yi. In kin samu ma'aunin zafin abinci, ki nemi digiri 74 a wurin. Ga kuma abin da littafin Turawa ba zai gaya miki ba, don ba su san halin wutarmu ba: in an ɗauke wuta kaza tana rabin dahuwa, kada ki bar ta a ciki kina jiran a dawo da ita. Ki fito da ita ki ƙarasa a gas ko gawayi a lokacin. Naman da ya yi rabin dahuwa ya zauna cikin akwati mai ɗumi awa uku ko huɗu bai kamata ya shiga bakin kowa ba.

Akwai abubuwa kaɗan da nake roƙonki ki kiyaye su kamar yadda kike kiyaye wuƙa. Ƙwai da ɓawonsa ba ya shiga, tururi ne ke taruwa a ciki ya fashe. Dafaffen ƙwai da aka ɓare ma yakan fashe, wani lokaci sai an fito da shi an sa masa cokali, don haka ki yanka shi kafin ki ɗumama. Dankali ki sossoke shi da cokali mai yatsu. Kwalba ko roba mai murfi a ɗaure kada ta shiga. Ruwan shayi a kofi mai santsi yana iya wuce zafin tafasa bai nuna alama ba, kina zuba sukari ko ganyen shayi sai ya yi tsiri ya watsu a hannu da fuska. Kada ki wuce lokacin da ya kamata, kuma ki bar kofin a ciki rabin minti kafin ki taɓa. Kada ki busar da barkono ko attaruhu a ciki, yana kama wuta, hayaƙinsa kuma ya shiga ido da maƙogwaro. Ba a suya da mai mai yawa a cikinta. Ba a kunna ta babu komai, don igiyoyin in ba su samu abin shiga ba kan maganetiron suke komawa su lalata shi. In Allah ya ba ki haihuwa, madarar jariri da nonon da kika tatsa kada su ga maikurowef. Kwalbar za ta yi ɗumi a hannunki alhali wani sashen madarar ya isa ya ƙona bakin yaro. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, ki girgiza, ki ɗiga a bayan hannunki. Kunu da kokon yara ma ki gauraya sosai ki ɗanɗana kafin ki ba su.

Zancen lantarki ki zauna da maigida ku duba tare. Wutar da KEDCO ke kawo mana mai ƙarfin bolt 230 ce, amma na'urorin hannu da ake shigowa da su daga Amurka na bolt 120 ne, in aka jona su kai tsaye ƙonewa suke yi. Ku karanta takardar da ke manne a bayanta. A nan za ku ga cewa wadda aka rubuta wat 900 a gabanta takan ja wajen wat 1,400, in kuma an haɗa da gashi ko fanka tana iya haura 2,000. Ƙaramin janareton da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba, sola da inbata ma sai mai haɗawa ya tabbatar sun isa. A ba ta soket nata na bango mai baki uku, kada a haɗa ta da firji da dutsen guga a wayar jone mai araha, irin wadda ke zafi ta narke. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, kika ga ƙwan fitila ya dushe, ki sani lokacin da kika saba sawa ba zai isa ba, ki ƙara dubawa da kyau, ko ki koma ga gas.

Ki ajiye ta a kan abu mai ƙarfi daidai ƙugu ko ƙirji, inda ba sai kin ɗaga hannu sama da kai za ki sauko da miya mai zafi ba, nesa da famfo da murhun gas. Ki bar mata fili a baya da gefe da sama yadda littafin ya faɗa. Na san amare da son lulluɓe kaya da kyalle mai ado saboda ƙurar hunturu. Ki rufe in ba ta aiki kuma ta huce, amma kafin ki kunna ki yaye, ki sauke duk abin da ke kanta, don ta kafofin nan take shan iska, kuma a wutar gashi jikinta da ƙofarta suna zafi ƙwarai. Tsumma mai kauri busasshe ya zauna kusa da ita, kuma in za ki buɗe murfi ki karkata shi tururin ya yi gaba, ba fuskarki ba.

Tsafta ma tsaro ce. Maiƙon da ya fantsama ya bushe shi ke hayaƙi ya kama wuta a gashi na gaba, ɓurɓushi kuma ya kira kyankyasai su shige cikin inji. Ki sa kwanon ruwa da yankan lemun tsami, ki kunna minti uku zuwa biyar, ki bar tururin ya jiƙa dattin, ki zare filogi, ki goge da tsumma mai laushi. Ban da soson ƙarfe. A bangon ciki za ki ga wani ɗan faifai mai kama da kwali. Ba ragowar kwalin kamfani ba ne, shi ke kare kafar da igiyoyin ke fitowa. Kada ki ɓamɓare shi, ki riƙa goge shi a hankali, in ya ƙone a canza. Farantin gilashi in yana da zafi kada ki tsoma shi a ruwan sanyi, tsagewa zai yi.

Za ki ji masu cewa abincin maikurowef yana kawo ciwon daji. Ki kwantar da hankalinki. Igiyoyinta ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba ne, ba sa zama a cikin abinci, kuma da an kashe na'ura sun ɗauke. Ganye ma yakan riƙe amfaninsa da kyau a cikinta, saboda ruwa kaɗan ake sawa kuma ba ya daɗewa a wuta. Ragar nan mai ƙananan huji da ke gilashin ƙofa ita ke tsare igiyoyin a ciki, ƙofar kuma tana da makullin da ke yanke aiki da zarar an buɗe. Don haka lafiyar ƙofa ita ce abin dubawa. In ta lanƙwashe, ko ta daina rufuwa ruf, ko gilashin ya tsage, ko kika ga na'ura tana aiki ƙofa a buɗe, ki zare filogi, kada a sake kunnawa sai ƙwararren mai gyara ya gani. Kuma ki hana kowa a gidan kwance bayanta, ko da maigida ne ko ƙaninki mai son taɓe-taɓen waya. A ciki akwai ma'ajiyar lantarki mai riƙe dubban bolt ko bayan an zare filogi, tana iya kashe mutum.

In tsautsayi ya gifta kika ga wuta a ciki, kada ki buɗe ƙofa, iska ce abincin wuta. Ki kashe, ki zare filogi ko ki kashe babban makunnin gida, ki bar ta a rufe har ta mutu. In wani ya ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, manja, gishiri ko ɗanyen ƙwai. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu ko gaba, ko jariri ne, a tafi asibiti ba jinkiri. Ga Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni nan cikin Dutse, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.

'Yata, ba ke kaɗai za ki riƙa taɓa na'urar nan ba. Akwai maigida in ya dawo da dare, akwai ƙannen miji, akwai yarinyar da ke taya ki aiki, gobe kuma ga 'ya'yanki. Ki nuna wa kowa da hannunki kwanon da ke shiga da wanda ba ya shiga, ki ware kwanukanta wuri guda kusa da ita, ƙananan yara kuwa kada su kunna sai da babba a tsaye. Littafin da ya zo cikin kwalinta kada ya ɓace a ƙasan akwati. Ki karanta shi tun daga farko har ƙarshe cikin makon nan, abin da ya shige miki duhu ki tambayi wanda ya sani, tambaya ba ta rage darajar mace. Abin da kika koya kuma ki gaya wa ƙawayenki amare da maƙwabtanki. Allah ya tsare ku daga gobara da cuta, ya sa abin da za ki girka ya zame wa iyalinki lafiya.